Injiniyar da Ba Ta Gyaran Inji

Ranar da muka fara shiga sashenmu a jami'a, shugaban sashen bai bar mu mun zauna ba sai da ya tsayar da mu gaban wani allo da aka kafe a bango kusa da ƙofar buro ɗinsa. A kan allon an rubuta, da Faransanci mai nauyi, abin da ake so ɗalibin injiniyancin masana'antu da tsarin aiki ya zama bayan ya gama. Ya bi layukan da bik ɗin rubutu yana karanta mana, ya ce duk wanda ya fita daga nan bai zama abin da allon ya faɗa ba, to ya ɓata lokacinsa, ya ɓata na malamansa. Na zauna na haddace su tsaf, kamar yadda muke haddar darasi tun muna lakol.

Hutun farko da na koma gida Gazawa, Baba ya kira ni bayan la'asar. Yana zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, Inna na gefe tana tsintar wake a faifai. Akwai kuma Kawu, ƙanen Inna, wanda ya zo daga Cadawa a kan moto. Shi yana da wurin niƙa da markaɗe a can, kusa da kasuwa.

Baba ya ce, “To ɗiyata, gaya mini da Hausa. Me ake so a maishe ku a can?”

Na gyara zama, na shiga juya allon nan zuwa Hausa. Na ce ana so mu iya duban wurin aiki gaba ɗayansa, da mutanensa da injunansa da kayansa, mu gano inda lokaci da ƙarfi ke tafiya a banza, mu gyara tsarin. Ana so mu iya aiki da mutane, mu yi musu bayani su gane. Ana so mu riƙe amana. Ana kuma so mu ci gaba da neman sani ko bayan mun karɓi diplom.

Baba ya ja carbinsa. Can ya ce, “Riƙon amana ai a gidan nan aka koya miki. Neman sani kuma, wato karatun ba ya ƙarewa ke nan. To me za ki ƙera?”

“Ba ma ƙira, Baba.”

“Gini fa?”

“Ba ma gini.”

Inna ta ɗago kai daga faifai ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wadda aka cuta a kasuwa. Kawu ne ya raba gardamar. Ya ce, “Malam, ka ƙyale ta. Injiniya dai ce ko? To shi ke nan.” Duk dogon bayanin da na yi, wannan kalma ɗaya kaɗai ya ɗauka, ya ɗora ta a bayan moto ya kai Cadawa.

Daga nan hutu ya daina zama hutu a wurina. Maƙwabciyarmu ta aiko da rediyon mijinta da ya daina magana. Wata gwaggona ta kawo wayarta da ta faɗa cikin tulu. Wani abokin Baba ya turo a tambaye ni me ya sa motonsa ke hayaƙi. Kowa na ba shi haƙuri in ce ba irin wannan injiniyar ba ce, sai ya tafi yana ganin rowa nake yi da ilimi. Gwaggon nan har cewa ta yi tun da na shiga jami'a na fara girman kai. Na gwada yi mata bayani, ta katse ni: “Ke dai ce ba ki so. Ba sai kin yi mini Faransanci da Hausa ba.”

A shekarar ƙarshe dole kowane ɗalibi ya yi sitaj, wato ya je ya zauna a wurin aiki na gaske, ya gano matsala, ya gwada gyara ta, ya rubuta abin da ya gani. Masana'antun birni ba su da yawa, kuma kafin in farga waɗanda suka san mutane sun cike guraben. Da Kawu ya ji, ya bugo wa Inna waya ya ce me ake wahala, ga masana'anta a gida. Na kai maganar wurin malamin da ke duba aikina ina fatan ya ƙi. Mutumin wajen Gidan Rumji ne, dogo, ba ya gaggawa a komi. Ya ce, “Akwai mutane? Akwai inji? Akwai jira? To tahi.”

Na tafi.

Wurin Kawu wani dogon ɗaki ne na ƙasa mai rufin kwano da ƙofa ɗaya. A ciki akwai injin gazwal guda, shi ke jan na'urar niƙan hatsi, shi ke jan ta markaɗen gyaɗa da wake, amma ba lokaci ɗaya ba. Bel ɗaya ne, ana cire shi daga wannan a maida wa waccan. Wani magidanci mai shiru-shiru ne ke kula da injin. A waje kuma, ƙarƙashin bishiyar bedi, mata ne zaune da robobi da ƙore da buhuna, yawancinsu masu yin mai da ƙuli-ƙuli.

Ranar farko Kawu ya tsayar da ni gaban matan ya ce, “Ga ɗiyata injiniya, daga jami'a aka aiko mini ita.” Bai rufe baki ba injin ya yi tari ya mutu. Duk idanu suka dawo kaina, har mai kula da injin ya ja da baya ya ba ni hanya yana miƙo mini sufana.

Na ce, “Kawu, a kira bakanike.”

Har yau ina tuna fuskarsa. Wata tsohuwa daga cikin matan ta ce, “Wataƙila ba su kai wannan darasin ba tukuna.” Aka kwashe da dariya. Bakanike ya zo ya busa wani bututu, injin ya tashi, ni kuma na samu kujera 'yar tsugune na zauna a lungu raina a dagule.

Kwanaki na yi ina zaune ina kallo, don abin da aka koya mana ke nan, kar ka taɓa komi sai ka gani. Matan suka sa mini suna mai gadin inji. Amma zama cikinsu ya yi mini rana, don mace ce ni, ba sa ɓoye mini magana. Wata ta ce tun hantsi take nan, gyaɗarta da ta soya da zafi har ta huce. Wata Bafillatana da ke zuwa daga ruga da geronta ta ce in ta zo niƙa, ranar nononta ba ya sayuwa, don kafin ta fita kasuwa ta watse.

Abin da na gani bai da wuyar gani. Injin ya fi daɗewa a tsaye a kan yana aiki. A markaɗa wa wannan gyaɗa, sai mai gero ta matso, a kashe inji, a cire bel, a ɗaura a ɗaya gefen, a tayar. Ana gamawa sai mai wake ta ce ƙosanta na yamma, a sake kashewa, a maida bel, a wanke na'ura don kada waken ya yi warin gyaɗa. Ga ƙofa ɗaya, mai shiga da buhu da mai fita da roba a ka sai sun yi cirko-cirko, ga buhunan waken Kawu na sayarwa jibge a kan hanya.

Na samu Kawu a rumfarsa bayan ya ci abinci, na zayyana masa. Na ce a ware lokaci, gyaɗa da wake da safe, hatsi bayan azahar, bel ya motsa sau ɗaya a yini. A kwashe buhuna daga hanya. A fasa ƙofa ta biyu a bangon baya, a shiga ta nan a fita ta can.

Ya saurare ni har na gama, yana sakace. Sannan ya ce, “Ɗiyata, duk na ji. Amma ciwon wurin nan guda ne, injin ya yi ƙarami. Akwai wani babba da na gani a tsallaken iyaka, in ya tashi har tasha ana jin sa. Shi nake so ki duba mini.”

“Kawu, injin nan bai gaza ba. Tsayuwa yake yi.”

“To ai babba ba ya tsayuwa.”

“Zai tsaya mana, in dai za a cire masa bel.”

“Ke ba ki gan shi ba ne.”

Na ce in ma sayen ya zama dole, ya sayi ƙarami na biyu ya ba hatsi nasa, ya fi sauƙi nesa. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce shi da girmansa a Cadawa ya je tsallake ya dawo da ƙaramin inji, mutane su ce me? Bango kuma mahaifinsu ne ya gina shi, ba za a fasa ba, ɓarayi ma ƙofa ɗaya ta ishe su.

Sai da Inna ta sa baki ta waya ya yarda a gwada raba lokacin. Buhunan ma aka matsar da su gefe, ba don ya gamsu ba, don yayarsa ta yi magana. Na bi matan ɗaya bayan ɗaya na gaya musu. Wasu suka yi gunaguni, wasu suka ce a gani. Aka kuwa gani. Kafin azahar inuwar bedin nan ta zama wayam, masu mai sun koma gida da markaɗensu da ɗuminsa. Bafillatanar ta sayar da nononta da safe, ta zo da geronta da rana, ta kawo mini kindirmo a 'yar ƙwarya. Mai kula da injin, wanda ban taɓa jin ya haɗa kalma biyar ba, ya ce mini bayansa ya huta. Na fara jin allon shugaban sashenmu ba ƙarya ya yi ba.

Ana haka wata safiya, markaɗen gyaɗa na tsaka da tafiya, sai ga wata dattijuwa da lulluɓi, riƙe da ƙwaryar gero. Ban san ta ba. Na tare ta, na rusuna na gaishe ta, na ce, “Iya, a yi haƙuri, hatsi sai bayan azahar.”

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta juya wajen matan ta ce, “Wannan ɗiyar wa ce?”

Na waiga neman Kawu, sai na hango hularsa kawai a bayan buhunan wake. Ashe surukarsa ce, mahaifiyar matarsa. Kawu, mutumin da ke yi wa direbobin kamiyon kaya tsawa, ya durƙushe a bayan buhu, yana yi wa mai kula da inji alama da hannu. Aka kashe inji. Aka cire bel daga gyaɗar wata baiwar Allah da aka markaɗa rabi, aka niƙa gero ƙwarya ɗaya. Dattijuwar ta karɓi garinta ta wuce ta gabana ba ta ko kalle ni ba.

Kafin rana ta yi tsaka labari ya zaga unguwa. Washegari da safe masu hatsi suka dawo, kowa da hujjarta. Wannan matar limamin unguwa ce, waccan ita ta yi wa matar Kawu wankan jego, wata kuma cewa ta yi in an yi wa wance me zai hana a yi mata, ko geronta ba gero ba ne? Bel ya koma yawonsa.

Na sami Kawu ina cike da takaici. Na ce, “Kawu, kai ka rushe abin nan da hannunka.”

Ya ce, “Ke yarinya ce. So kike in ce wa surukata ta je ta dawo? A garin nan zan kwana ko a jami'arku?”

Ban bari ba. Na ce a riƙa ajiye niƙaƙƙen gari, in irinsu sun zo a musanya musu nan take. Ya ce wace mace ce za ta ba da geron gonarta ta karɓi garin da ba ta san asalinsa ba? Na je wurin matarsa na roƙe ta ta yi wa mahaifiyarta magana. Ta ajiye muciya ta ce, “Ni zan gaya wa uwata lokacin da za ta tuƙa tuwo? Ke kina gaya wa taki?”

Cikin wannan hali malamina ya zo duba ni. Na yi murna, na ce yau Kawu zai ji daga bakin namiji mai furfura, tunda nawa bakin bai isa ba. Kawu ya sa aka yanka zabi, aka dama fura. Suka zauna a rumfa, Kawu na ce masa Mushe, yadda ake kiran malaman lakol, shi yana ce masa Alhaji, suka yi hirar damina da farashin wake da lalacewar hanya. Kawu ya kwatanta masa babban injin nan har da hannu. Malamina yana gyaɗa kai yana tsotsar ƙashi. Ina tsaye a gefe kamar in fashe.

Da zai tafi na raka shi bakin mota, na juye masa komi, har da hular da ke bayan buhu. Ya yi dariya har da share ido. Sannan ya ce, “Mi ne na biyu a kan allonmu?”

Na ce, “Aiki da mutane.”

“To surukar nan ba mutum ba ce?”

Na ce, “Mushe, shekarun nan duka kuna koya mana lissafin layi da jeren injuna. Ba ranar da kuka kawo mana suruka a darasi.”

“Shi ya sa munka turo ki nan.”

“To kai da kai ne, yaya za ka yi?”

Ya buɗe ƙofar mota ya ce, “Wallahi ban sani ba. Ki rubuta yadda ya faru, kar ki gyara komi.” Ya shiga ya tafi da sauran zabi a leda. Na tsaya a bakin hanya ina cewa a raina, faɗar aiki da mutane a kan allo ba wuya, tunda mai faɗar zai ci nama ya bar garin kafin la'asar.

Na rubuta yadda ya faru. Ranar da na tsaya kare aikin gaban malamai, ɗaya ya tambaye ni me ya sa ban zaɓi masana'anta ta sosai ba. Wani ya ce shafin da na yi maganar surukar ya fi kama da hira a kan aikin ilimi. Na ukun ya ce a'a, shi ne ma shafin da ya fi amfani. Suka shiga musu a tsakaninsu har suka manta ina tsaye. A ƙarshe dai aka ce na ci.

Bayan kaka Kawu ya sayar da wakensa ya tsallaka iyaka. Ina gida Gazawa lokacin ina jiran kiran aiki, sai Inna ta ce in shirya in je Cadawa, injin Kawu ya iso, kada a ce ba mu taya shi murna ba. Na hau taksin daji ina ƙunƙuni.

Na tarar da kamiyo a ƙofar wurin da taron jama'a. Injin kuwa babba ne, ba ƙarya. Girmansa ya kai ga ya ƙi shiga ƙofa. Aka juya shi ta gefe, aka kwantar, aka cire ƙyaure, ya ƙi. Kawu ya zagaya ɗakin yana gumi, ya tsaya a bangon baya, bangon mahaifinsu, ya ce a kawo diga. Ina tsaye ina kallo aka fasa shi, daidai inda na taɓa nuna masa. Bai dubi inda nake ba.

Ya ce magini zai zo ya toshe. Magini bai zo ba a makon, da ya zo kuma Kawu ya ce a bari sai an ga yadda hayaƙi ke fita. Kafin nan mata sun riga sun mai da wurin hanyar fita, sai aka sa masa ƙyaure kawai. Tsohon injin kuma, wani da ya ce zai saye shi ya yi ta sa rana bai zo ba. Mai kula da inji ya gaji da ganin sa a zaune, ya ɗaura masa bel ɗin na'urar hatsi ya bar shi a nan. Sabon ya riƙe gyaɗa da wake. Ba a sake kashe inji don ƙwaryar kowa ba. Babban yana shan gazwal kamar rami, aikin da yake yi kuwa ko rabin ƙarfinsa bai kai ba.

Na samu aiki daga baya a wani kamfanin sarrafa abinci a birni. Da na zo hutu na biya ta Cadawa ranar kasuwa don in gaishe su. Kawu na rumfa da abokansa 'yan kasuwa. Yana hango ni ya ɗaga murya.

“Yawwa, ga ta nan. Zo ɗiyata, zo ki faɗa musu da bakinki. Da kika zo sitaj, mata ba sa yini a ƙarƙashin bedin can?”

“Suna yini, Kawu.”

“Yanzu fa?”

Na dubi bedin. Mata biyu ne kawai, su ma hira suke yi. Na ce, “Yanzu ba sa yini.”

Ya juya wajen abokansa ya buɗe hannuwa. “Kun ji. Injiniya ce, daga jami'a. Tun farko na gaya mata babban inji ne maganin wurin nan, tana ta yi mini gardama. Amma yarinyar kirki ce, in ta ga gaskiya tana karɓa.”

Na buɗe baki, sai ɗaya daga cikinsu ya ce shi ma irin injin yake so ya sayo, ko zan raka shi tsallake in duba masa. Na ce hutuna gajere ne. Na gaishe su, na shige cikin gida wurin matar Kawu, ta zubo mini shinkafa da wake da man gyaɗa, na zauna na ci.